Tabon hayaƙi daban, tsagewa daban: zaman mai fasaha da aikin da bai cika ba

A bayan takardar naira 20 akwai hoton wata mata tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, wadda aka haifa wajen 1925, ta rasu a Minna a 1984. An baje tukwanenta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Tukwanen nata da suka rage yau suna gidajen tarihi da hannun masu tara kayan fasaha, ana lallaɓa su. Waɗanda babu wanda ya adana su ne waɗanda suka tsage wajen bushewa, da waɗanda suka fashe a wuta, da waɗanda suka fito a karkace. Duk maginiyar da ta fara taɓa yumɓu tun tana yarinya, kamar yadda Ladi ta fara a hannun 'yar'uwar iyayenta, ta bar tulin irin waɗannan a bayanta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen tukwane shi ne wata cuta da nake gani tana cin matasanmu masu sha'awar aikin hannu. Yaro zai sayi littafin zane da fensir, ya ƙudurta cewa kullum sai ya zana wani abu. Yarinya za ta fara koyon zanen lalle, ko saƙa, ko rubuta waƙa. Sati biyu, sati uku, sai ka ga an naɗe tabarma. In ka tambaya, ba lokaci aka rasa ba, ba kuma kayan aiki ne suka ƙare ba. Amsar guda ce: "ba ya yin kyau." Abin da ke cikin kai daban, abin da ya sauka a takarda daban, kuma ratar da ke tsakaninsu tana da ciwo. Ni dai abin da na yi imani da shi shi ne, wannan rata ba ta rufewa gaba ɗaya ko ga gwani, kuma wanda zai daɗe a fasaha shi ne wanda ya koyi bambance aibin da ke kashe aiki da tabon da kawai ke nuna hanyar da aikin ya biyo. Babu sana'ar da ta fayyace wannan kamar ginin tukwane, domin a nan maginiya tana gama nata ne ta miƙa wa wuta, wuta kuwa ba ta shawara da kowa.

Yumɓu sai ya sha ruwa yake yarda a sarrafa shi, kuma duk ruwan da ya sha sai ya fita. Yayin da ɗanyar tukunya ke bushewa tana tsukewa. In baki ya riga gindi bushewa, ɓangaren da ya tsuke sai ya ja wanda bai tsuke ba, tsaga ta bayyana. Shi ya sa ake fara shanya ta a inuwa, shi ya sa kuma iskar hunturu, mai busar da komai cikin gaggawa, take sa maginiya ta ƙara sa ido. In an kai ga gashi, sauran ruwan da ya ɓuya a jikin tukunyar yana tafasa a digiri 100, kuma in tururin bai sami mafita ba sai ya fasa ta, wani lokacin har ɓaraguzanta su raunata na kusa da ita. Can wajen digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓun kan kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa idan zafi ya sauko ta wannan gaɓar. Tukunya na iya tsallake hawan wuta lafiya, ta zo ta tsage wajen hucewa.

Gashin gargajiya kuwa a fili ake yin sa. A jera tukwane, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna. Zafin yakan tsaya ne tsakanin digiri 600 zuwa 900, kuma ba daidai yake ratsa tulin ba: ta tsakiya ta sha wuta sosai, ta gefe ta sha kaɗan, iska ta juya ta sauya lissafin duka. Inda iska ta ratsa, sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasar yakan yi ja. Inda itace ya kwanta a jikin tukunya ya toshe iska, sai hayaƙi ya kama, wurin ya yi baƙi. Hannu ɗaya ne ya gina su, ƙasa ɗaya, rana ɗaya, amma babu biyu da za su fito iri ɗaya.

To yaya maginiya ke zama da wannan? Ba ta gina tukunya guda ta zauna tana tsaronta. Da yawa take ginawa, ta san cewa wasu ba za su kai kasuwa ba, kuma ta riga ta sa wannan asarar cikin lissafinta tun kafin ta kwaɓa ƙasa. Waɗanda suka fashe ma ba duka ake zubarwa ba. A wurare da dama akan daka tsingaron a gauraya shi da sabon yumɓu, domin yana rage tsukewa, yana kuma ba tururi hanyar fita. Ita ma mai saye ta san abin dubawa. Matar da ta zo sayen tukunyar miya ko tulu ba ta tsayawa kan baƙin tabo. Ɗaga ta take yi ta ƙwanƙwasa ta saurara. In amon ya fita garau, tukunya lafiya lau take. In ya fito a dushe, akwai ɓoyayyiyar tsaga, sai ta ajiye ta ɗauki wata. Wannan ɗan ƙwanƙwasawar ita ce ilimin da matashin da ya jefar da littafin zanensa bai samu ba tukuna. Shi tabon hayaƙi da tsagewa duk ɗaya yake ganin su, sai ya yanke wa aikin hukuncin kisa a kan abin da mai saye ba za ta ko kalla ba.

Kada a ɗauka rashin kayan zamani ne ya jawo haka. Labarin Baturen da ya yi aiki da Ladi Kwali ya isa shaida. Michael Cardew ya koyi ginin tukwane a Ingila a hannun shahararren maginin tukwane Bernard Leach tun 1923, ya kuma yi suna da masana'antarsa kafin ya zo Afirka. A 1942 ya tafi ƙasar da ake kira Gana a yau, domin ya shugabanci masana'antar tukwane da ke ƙarƙashin Kwalejin Achimota, aka rufe masana'antar a 1945. Bai koma gida ba, ya kafa tasa a Vume, a bakin kogin Volta, ya yi ta fama da yumɓun da bai ba shi haɗin kai ba da tanderun da ke ta ɓata masa kaya, har zuwa 1948. Mutumin da ya haura shekara 20 a sana'a ke nan. Shi da kansa ya ɗauki zaman Vume a matsayin abin da bai yi nasara ba, amma tukwanen da suka tsira daga can suna cikin ayyukansa da masana suka fi darajantawa a yau. A nan akwai abin lura mai nauyi: hukuncin da mai aiki ke yanke wa aikinsa alhali gumin bai bushe ba, ba abin dogaro ba ne sosai. Yana auna abin da ya fito ne da abin da ya so ya fito, mai kallo kuwa abin da ke gabansa kawai yake gani.

Daga baya Cardew ya zo Nijeriya, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi, ita kuma ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko da ta yi haka. Ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, amma ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu yadda ta gada, da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jikinsu. Abin da ya sauya shi ne, yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa su a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200. Suka fito da ƙarfi da sheƙi, babu tabon hayaƙi, babu tsattsafo. Sai dai randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙananan ƙofofi: ruwa yana tsattsafowa waje, iska ta kwashe shi, ta kwashe zafi tare da shi. Da aka toshe ƙofofin, tulun ya yi nauyi, ya yi tsada, ya daina sanyaya ruwa, ya koma abin ajiyewa a kalla. Ba aibata su nake yi ba, kyawunsu ne ya kai sunanta duniya. Ina nuna cewa abin da ake kira aibi ya danganta ne da aikin da ake so abu ya yi, kuma wani lokacin cire abin da ido ke gani naƙasu yana tafiya da amfanin abin.

Na san abin da mai karatu zai ce a nan, kuma yana da gaskiya ya faɗa. Shin wannan ba lasisin sakaci ba ne? Mun gaji da telan da zai ɓata maka yadi ya ce "ai haka ma ya yi", da maginin da zai karkata bango ya ce a yi haƙuri. "Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba" magana ce ta gaskiya, amma an mayar da ita mafakar ha'inci. Kuma mun taso muna jin hadisin da ke cewa Allah yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya kyautata shi. To ina za a ajiye wannan?

A ajiye shi inda yake, domin babu karo. Kyautata aiki yana kan abin da ke hannun mutum ne: ya tsaya, ya natsu, ya ba aikin haƙƙinsa. Maginiyar da ta yi gaggawa ta sa ɗanyar tukunya a wuta ta yi sakaci, kuma fashewar laifinta ne, gobe sai ta gyara. Wadda ta bi komai yadda ya kamata iska ta juya mata, ba ta da abin zargin kai. Akwai kuma na uku, wanda shi ya fi damun mai koyo, wato iyakar hannu. Ka natsu, ka yi bakin ƙoƙarinka, kayan aiki ba su ci amanarka ba, amma layin bai miƙe ba saboda hannunka bai kai can ba tukuna. Wannan ba ya jin faɗa, ba ya jin nadama, maimaici kawai yake ji. Kuma abin da ke ƙara masa zafi shi ne, ido yana riga hannu girma. Wata shida da fara zane, mutum ya fara gane kyakkyawan aiki in ya gan shi, alhali hannunsa na nan baya yana rarrafe. A daidai wannan gaɓar yawanci ake gudu, mutum ya ɗauka lalacewa yake yi, ba tare da ya san idonsa ne ya buɗe ba. Ba kuma koyaushe ake iya gane wanne ne cikin ukun nan ya faru ba. Nan ne amfanin malami yake.

Makarantar allo ta daɗe da warware wannan, ko da ba a kira shi da sunan fasaha. Almajiri yana rubutu da tawada da alƙalamin kara, malam ya duba. In akwai kuskure a harafi ko wasali, ba a yi masa sassauci, nan take ake gyarawa, domin nassi ne. Amma munin hannun ƙolo, harafin da ya yi ƙiba, layin da ya gangara, babu malamin da zai hana yaro ci gaba saboda su. Ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, gobe ma haka. Allon da ake yi wa zayyana a adana shi guda ne, na sauka, bayan ɗaruruwan rubutu da ruwa ya tafi da su. Kyakkyawan hannun da ake gani a wajen alaramma daga cikin waɗancan wankakkun ya fito. Tsarin da kansa yana gaya wa yaro cewa rubutun yau ba shi ne mizanin ƙimarsa ba.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne allon ya daina wankuwa. Wayar hannu ta sa duk abin da mutum ya yi yana jin kamar sai ya ɗora shi a Instagram ko TikTok, inda zai tsaya gefe da gefe da aikin wanda ya shekara 15 yana yi, wanda shi ma mafi kyawun nasa ya zaɓa ya nuna. Mai koyon lalle a Zariya tana auna zanenta na sati uku da na ƙwararru daga Indiya da Dubai. A da, mai koyo yana zaune ne kusa da gwani, yana ganin ranar da gwanin ma ya ɓata ya warware. Yanzu sakamako kawai ake gani, ba a ganin kwandon shara. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Birtaniya, Thomas Curran da Andrew Hill, sun tattara bayanan ɗaliban jami'a sama da 40,000 daga Amurka da Kanada da Birtaniya tsakanin 1989 da 2016, suka gano cewa ɗabi'ar neman kamala tana ƙaruwa, kuma ɓangaren da ya fi hawa, da kusan kashi 33 cikin 100, shi ne jin cewa mutane ne ke buƙatar ka zama marar aibi. A can aka yi binciken, amma wayar da ke hannun waɗancan ɗaliban ita ce a hannun namu.

Wani masanin, Dean Keith Simonton na Amurka, ya shafe shekaru yana nazarin ayyukan mawaƙa da marubuta da masana kimiyya, kuma abin da ya yi ta gani shi ne, waɗanda suka fi fitar da manyan ayyuka galibi su ne waɗanda suka fi yawan aiki gaba ɗaya, har da marasa armashi. Lokacin da mutum ya fi samar da na ƙwarai yakan zo daidai da lokacin da ya fi samar da na banza. Maginiyar da ke jera tulin tukwane a wuta ba ta buƙatar a karanta mata wannan.

Akwai wani nau'in ƙin karɓar naƙasu da ba a cika magana a kansa ba, shi ne na wanda bai gudu ba amma ya kasa ɗage hannu. Ya gama zane, ya ga wani ɗan wuri bai yi masa ba, ya ƙara tawada, ya sake ƙarawa, har takardar ta jiƙe, abin da yake da rai ya mutu. Marinan Ƙofar Mata a Kano, inda ake cewa karofin na nan tun 1498, sun san iyakar gyara. Zane yana fitowa daga ruwan baba da launin kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idon marini. In bai kama yadda ake so ba, a sake tsomawa, amma kowace tsomawa duhu take ƙarawa, babu hanyar komawa baya. Dole akwai lokacin da marini zai ce ya isa, ko da launin da ke ransa bai zo daidai ba. Mai zanen lalle ma haka: in ya kama, ya kama, sai a jira ya goge da kansa, a gyara a hannu na gaba. Sanin lokacin tsayawa rabin gwaninta ne, kuma ba a koyon sa sai an wuce gona da iri an ga ɓarnar da ido.

Kasuwarmu ma ta nuna inda zuciyar mutane take. Injin aikin hula yana fitar da zare a jere babu kuskure ko ɗaya, amma hular da aka ɗinka da hannu, wadda ke cin makonni, ita ta fi tsada, ita kuma masu sani ke nema. In ka ƙura mata ido za ka ga inda zare ya ɗan matse da inda ya ɗan saki. Ba saboda waɗannan ake sayenta ba, kada a yi mini mummunar fahimta, ana sayenta ne saboda ingancinta. Amma babu wanda ya san hula da zai mayar da ita saboda su. Ina faɗin haka ne domin akwai masu wuce iyaka ta ɗaya ɓangaren, su mayar da naƙasu ado, su karkata layi da gangan don a ce aikin hannu ne. Wannan ma wani nau'in ƙarya ne. Tabon hayaƙi yana da mutunci ne saboda ba a neme shi ba.

A aikace, wanda ke son ya ɗore da zane ko waƙa ko ɗinki na kullum yana buƙatar ya raba aikinsa gida biyu. Akwai na allo, wanda ake yi don hannu ya saba. Wannan a ƙarasa shi ko da tun daga tsakiya an ga ya karkace, domin ƙarshen aiki ma abin koyo ne, kuma wanda kullum yake yagewa a rabi ba zai taɓa iya ƙarasa aiki ba. A rubuta kwanan wata a jikinsa, a ajiye, kada a ɗora shi ko'ina. Bayan wata uku a fito da su a jera, a kai wa wanda ya fi ka sani, a tambaye shi wanne ne a nan sakaci, wanne ne hannun da bai kai ba. Sau da yawa abin da ya hana ka barci ba shi zai nuna ba, wani wuri daban da ba ka lura da shi ba zai ɗora yatsa.

Gida na biyu shi ne aikin da aka biya ka, kuma a nan sassaucin da ka yi wa kanka ba ya aiki, domin haƙƙin wani ya shigo. In amarya ta zauna a gabanki, ko wani ya ba ka yadin Sallarsa, naƙasun da ya taɓa amfanin abin ba naka ba ne da za ka yafe. Mai shi za a nuna wa, tun kafin ya gano da kansa, a faɗa masa abin da ya faru, a rage kuɗi ko a sake. Ya rage nasa ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba.